Jan Fentin Sharhabilu

Kowane gari da irin arzikin da Allah kan saukar masa. Wani a ba shi rijiya mai daɗin ruwa, wani a ba shi malami, wani kasuwa. Yasore kuwa, da yake Allah ba ya mance bayinsa, sai aka ba ta Sharhabilu. Duk ƙasar Batsari, kai har ka tsallaka Safana, ba za ka sami wanda ya san duniya kamarsa ba. In kana shakka, tambaye shi.

Shi ne sakataren Ƙungiyar Farfaɗo da Tudu da Fadama, ƙungiya mai hatimi biyu da allon suna guda, wadda mambobinta ba su taɓa cika tabarma ɗaya ba. Da wasu Turawa suka gayyaci shugaban ƙungiyar taron bita a Faransa, sai sanyin ƙashi ya kwantar da shi, aka ce sakatare ya je. An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. To, a wannan karon kwaɗon ne da kansa ya hau.

Kwana tara ya yi, biyu daga ciki a cikin jirgi. Amma kwanan mai basira ba ɗaya yake da kwanan gama-gari ba. Abin da wani zai shekara goma bai gane ba, Sharhabilu ya haɗiye shi a mako guda, ya dawo yana tambayar mutane ko har yanzu ana cin tuwo da hannu a nan. Tun daga ranar gari ya laƙaba masa Ɗan Faransa. Ya ji, ya kuma yi murna, don shi a wurinsa duk abin da aka kira shi da shi kirari ne.

Har yau babu wanda ya ji ya faɗi abin da aka tattauna a taron. Abin da ya tsaya masa a rai wata la'asar ce guda, da masu masaukinsu suka kwashe su zuwa wani ƙauye, aka ba kowa keke da hular kwano, aka bi da su wata siririyar hanya. Wannan la'asar kuwa mutanen Yasore sun sha ta har sun haddace. Tuddai ne, in ji shi, kore shar, wannan na bin wancan kamar kunyoyin gonar ƙattai. Ka hau, ka gangara, ka shiga kurmi mai sanyi inda rana ba ta taɓa ƙasa, ka fito ka ratsa gonakin inabi, ka ɓulla bakin wani tafki. Ba rairayi, ba ƙaya, ba wanda zai tare ka ya tambaye ka ina gajiya. A kowace kwana akwai fenti a jikin itace yana nuna hanya: kore na 'yan koyo, shuɗi na masu dama-dama, ja na gwanaye. Sunan ƙauyen ne kawai bai zauna ba, kullum da yadda yake fitowa daga bakinsa.

Ya dawo da keke mai ƙafafu kamar na babur, mai giya ashirin da ɗaya, da hular kwano mai hudoji, da wani wando da ya kama jiki kamar fatar ganga. Mahassada sun ce a wata kasuwar gwanjo ta Kano ya sayi keken a hanyarsa ta dawowa. Shi kuwa ya ce keken ma ɗan Faransa ne, sai dai ya riga shi isowa.

Ran da ya fara fita, liman ya aika masa cewa wandon nan ko a cikin ɗaka sai da haƙurin iyali. Sai ya ɗora babbar riga a kai. Bai kai bakin kasuwa ba sarƙar keken ta cafke gefen rigar, ta tauna, ta ajiye shi a gaban masu awo. Ya miƙe ya karkaɗe jiki, ya bayyana wa jama'a cewa a Faransa ana koyar da faɗuwa kafin a koyar da hawa, kuma abin da suka gani faɗuwar gwani ce. A rairayin bayan gari kuma ya gwada giyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ƙafafunsa na ta juyawa, keken na nan inda yake, har wata tsohuwa mai tallar nono ta zo ta yi masa sannu da aiki, ta shiga gari ta sayar, ta dawo ta sake yi masa.

Duk wannan a idon Rabe aka yi, wan mahaifiyar Sharhabilu, dattijon da ya shekara arba'in yana kai buhu biyu kasuwar Batsari a kan baƙin keke marar giya ko ɗaya. Ya yi dariya tare da masu dariya, don wautar ɗan ƙanwa ba ta hana barci muddin a jikinsa ta tsaya. Ba ta tsaya ba.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Ɗan Faransa ya tara mutane a ƙofar mai gari, ya jingine keken inda kowa zai gani, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, jama'a, ni ba na zargin kowa. Rashin sani ya fi dare duhu. Kun tashi kun tarar da iyayenku suna ɗora wa keke buhu, da akuya, da mace mai naƙuda, kuka ɗauka amfaninsa ke nan. Kun mai da shi jaki. A Faransa mutum ba ya hawa keke don ya je wani wuri. Inda ya tashi, nan yake dawowa. Ba ya kai komai, ba ya ɗauko komai. Wannan shi ake kira ci gaba."

Rabe ya ce, "To in nan zai dawo, mi ya tashe shi?"

"Kun ji ko? Kawu, irin tambayar nan ce ta bar mu a baya."

Daga nan ya warware shirinsa. Zai fitar da hanyar keke irin ta gwanaye, ta farko a duk yammacin Afirka. Za ta ɓalle daga tsohon burtali, ta hau tudun bayan gari, ta gangara, ta ƙare a bakin tafkin da dabbobi ke sha, don ta Faransa ma a bakin tafki ta ƙare. Turawa za su riƙa zuwa jirgi-jirgi. Da aka tuna masa cewa shi ya ce akwai kurmi a hanyar Faransa, ga kuma dajin wajen Ruma ba nisa, sai ya ce daji yana kashi na biyu na shirin. Ba tsoron 'yan bindiga ba ne, Allah ya kiyaye, tsari ne. A kashin farko za a yi maleji da itatuwan ɗorawa bakwai da kuka guda. Mai gari, wanda kwalbar turaren tsaraba ke aljihunsa, aka kuma yi masa alkawarin hoto da Bature, ya shafa gemu ya ce a gwada a gani.

Gangaren da gwanin ya zaɓa kuwa ta tsakiyar gonar Rabe ya bi.

Gonaki uku Rabe ya gada. Biyun da ke wajen Ruma shekara uku ke nan bai taka su ba, don wanda ya je noma can ba lalle ya dawo da ƙafarsa ba. Wannan ta gindin tudu ita kaɗai ta rage, kuma bakuna goma sha ɗaya ne ke jiran ta. Geron ya yi ciki, ya fara fitar da kai, irin shekarar da manomi kan zagaya gona yana magana shi kaɗai. In ta lalace, babu wata a bayanta.

Ba ma zirin da za a sare ne ya fi tayar masa da hankali ba. Fentin ne. Ɗan Faransa ya ce ja zai shafa, tun da kore na yara ne, shi kuwa ba yaro ba ne. Shekara biyu da suka wuce, bayan wata rigimar da ta kusa cin rayuka, manoma da makiyaya sun zauna sun sasanta, suka bi burtali itace-itace suna shafa jan fenti. Alkawarin a fili yake: inda ja yake hanyar shanu ce, ba mai hana su, inda babu shi, saniya ta shiga gona laifin mai ita ne. Rabe na cikin waɗanda suka riƙe gwangwanin. Sharhabilu bai halarta ba, ya ce zaman masu kashin shanu a ƙafa ne. Ga kuma ƙari: zaizayar ruwa ta cinye tsohon burtalin dab da tafki, Arɗo Surajo, shugaban Fulanin yankin, ya yi ta roƙo a ba su wata ratse, kowa ya noƙe, don ba mai son rabuwa da taƙi ɗaya na gonarsa. Yanzu ga sabuwar hanya za ta ɓalle daga burtali, ta nufi tafki, an shafe ta da ja. Ko saniyar da kanta ta iya karanta wannan.

Da hantsi Rabe ya je gidan ɗan ƙanwarsa. Ya faro gaisuwa daga kwana, zai gangara kan iyali da damina, Sharhabilu ya katse shi da cewa a Faransa gaisuwa kalma ɗaya ce, lokaci kuma dukiya ne. Rabe ya haɗiye sauran gaisuwarsa.

"Ɗan nan, ba keken na zo hana ka ba. Hau abinka har ka gaji. Jan fentin nan ne. Arɗo zan iya gaya masa, ya ji. Baƙin da ke ratsowa daga wajen Babban Duhu fa, wa zai tare su ya ce wannan jan na keke ne? Za su bi shi, kuma gaskiya tana wurinsu. Gonar nan ita kaɗai ta rage mini."

"Kawu, wannan alama ce ta ƙasa da ƙasa. Duk wanda ya gan ta, daga nan har birnin Faris, ya san ta keke ce."

"Saniyar ba ta je Faris ba."

"Wannan kuma matsalar mai ita ce."

"To ko shinge a yi wa hanyar dama da hagu, kamar yadda ake yi wa kowane burtali."

"Shinge! Ya tare wa Bature kallo? Kawu, kamu biyu kacal zan ɗiba a gonarka, tarihi kuma zai rubuta sunanka kusa da nawa."

Daga bayan labule Indo, matar gidan, ta turo kwanon ruwa ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri ka karɓa. Mu ma tun da ya dawo tarihin muke ci."

Rabe ya tafi wurin mai gari. Mai gari ya ce ɗanka ne, ku sasanta a gida. Kafin Laraba an yi gayya, samari sun zo don fura da kallo, an share hanya daga burtali har kan tudu, daga kan tudu har iyakar gonar Rabe, itatuwa sun yi jawur kamar an yi yanka. Aka sa Asabar ranar shiga cikin geron.

Ran Alhamis Rabe ya tsaya a tsakiyar gonarsa, gero ya kai masa kafaɗa, yana sake-sake. In ya kankare fentin, gobe a sake shafawa, a kuma kira shi maƙiyin ci gaba a lasifika. In ya ɗaga sanda, a ce dattijo ya yi faɗa da ɗan ƙanwarsa a kan keke. Ya tuna cewa bijimin sa mai taurin kai ba a tare shi ta gaba, ta hanci ake jansa. Hancin Sharhabilu kuwa kowa ya san inda yake.

Ya hau tudu ya same shi da gwangwanin fenti a hannu, mutane sun kewaye shi, har da Ashafa mai facin keke, wanda tun zuwan keken Faransa kasuwarsa ta buɗe, don ƙayar tsidau ba ta san baƙo ba.

Rabe ya ce, "Ɗan nan, nuna mini hoton nan naka na can. Ban taɓa dubawa da kyau ba."

Ba a taɓa roƙon Sharhabilu abu ya bayar da sauri haka ba. Ya zaro waya ya miƙa. Ga shi nan a tsaye riƙe da keke, hular kwano a ka, ga tuddai a bayansa sun yi layi, ga wani itace a gefe.

"Masha Allah. Wannan itacen na bayanka, wane fenti ne a jikinsa? Idona ya yi rauni. Ashafa, duba mini."

Ashafa ya kanne ido ɗaya, ya duba, ya sake dubawa. "Kore ne, Malam Rabe. Kore shar."

Sharhabilu ya fizge wayarsa ya ce hasken ƙasar ne ke sauya launi, wanda bai fita waje ba ba zai gane ba.

"A'a, ai ba abin kunya ba ne," in ji Rabe. "Kowa da inda ya fara. Yanzu na gane abin da ya sa ka zaɓi gangaren gonata. Mai laushi ne, jikokina a nan suke koyon tafiya. Da na ɗauka wancan za ka bi." Ya nuna gangaren gabas, mai tsini da duwatsu, wanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sauka. "Amma wancan sai gwanaye. Gara ka bi a hankali, kana da iyali."

A gindin gangaren gabas kuwa gonar Sharhabilu ce da kansa, wadda ya kafa wa allo ya rubuta Gonar Zamani. Masara ce ta sha takin ƙungiya har ta yi baƙi, kowane kara da goyo biyu. Ita ce abu ɗaya tak a rayuwarsa da ya yi daidai da yadda yake faɗa.

Girman kai rawanin tsiya. Ɗan Faransa ya dubi fuskokin mutane, ya ga murmushi na neman ɓallewa, sai ya yi dariya tun kafin a riga shi.

"Alhamdu lillahi, an sami mutum ɗaya da ya gane! Gwada ku nake yi. Tun farko gangaren gabas ne a taswirata. Shugaba na gari da gonarsa yake fara sadaukarwa. Kawu, je ka kankare na wajenka, wannan hanyar 'yan koyo ce, ba ta dace da sunana ba."

Rabe mai tsoron Allah ne, bai so a ce ya tura mutum rami ya yi shiru. Ya ce, "Na dai gaya maka, ja kiran shanu ne, a gonata ko a taka. Ashafa, ka shaida."

"Na shaida," in ji Ashafa.

"Ku shaida har a rubuta," in ji gwani, ya tsoma burushi.

Kafin la'asar Rabe ya bi itatuwan da suka nufi gonarsa da adda, ya kankare su har sai da farin jikinsu ya fito. Sharhabilu kuwa da hannunsa ya shafe gangaren gabas, dutse da itace, bai yarda kowa ya taɓa gwangwanin ba, don kada gobe wani ya ce da shi aka yi. Ya sa aka sare kamu biyu a tsakiyar masararsa. Da ya tuna Turawa kan jera bibbiyu suna hira, ya ce a mai da shi huɗu.

Ranar buɗe hanya aka kafa rumfa a bakin tafki, aka jera kujerun haya, aka ɗaura farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, aka ba mai gari almakashi. Turawa ba su sami zuwa ba. Sharhabilu ya sanar a lasifika cewa sun aiko da gaisuwa, yanayin sararin samaniya ne ya tsare su. Ya yi jawabi har inuwar rumfa ta matsa, ya ce zai zagaya ya hau tudu ta baya, ya gangaro ta gabas, kuma duk wanda ke da raunin zuciya ya kau da kai. Yau babu babbar riga. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Rabe bai je rumfa ba. Yana bakin gonarsa, inda ake hangen tudu gaba da baya. Daga nan ya ga gwani ya taka keke da ƙarfi har ya sha kwanar da ta ɓoye shi daga 'yan kallo, sa'an nan ya sauka ya kama turawa, yana tsayawa kowane taku ashirin don ya duba yanayin ƙasa. Da ya kai sama ya zube a gindin ɗorawa, ya cire hula yana fifita.

Sai Rabe ya hango abin da yake tsoro. Can a tsohon burtali fararen shanu sun jero, ƙahoni na sheƙi a rana, garke ne na baƙi, ya fi ɗari biyu. A mahaɗa makiyayin da ke gaba ya tsaya. Ya dubi sabuwar hanya, ya je ya shafa jan da ke jikin itace, ya shinshina yatsansa, ya ɗaga sanda. Garke ya karkata ya kama hawa tudu. Rabe ya ƙwala kira har muryarsa ta dushe, iska ta tafi da shi.

A kan tudu hanya ta rabu biyu, don wadda aka share zuwa gonar Rabe tana nan a buɗe, mai laushi, irin wadda ƙafar saniya ke so. Uwar garke ta tsaya a bakinta, ta miƙa wuya, ta shaƙi ƙanshin gero. Rabe ya kama karan gero ɗaya kamar shi zai tare garke, bakinsa na motsi da duk addu'ar da ta zo. Makiyayin ya iso, ya dubi itatuwan wannan gefe, ya ga fari fat. Ya dubi gabas, ya ga ja na kira. Ya yi fito, ya taɓa ta da sanda, ta juya. Sauran suka bi ta. Rabe ya zauna a ƙasa, bai san ya zauna ba.

A daidai nan Ɗan Faransa ya buɗe ido ya ga ƙahoni a kansa.

A faɗi gaskiya komai ɗacinta: a ranar Sharhabilu ya hau keke. Bai nemi giya ba, bai tuna birki ba. Ya sako kansa gangaren gabas, dutse na miƙa shi ga dutse, yana ƙwala wasu kalmomi da 'yan rumfa suka fara ɗauka Faransanci ne, sai da ya matso suka ji salati. Shanu da suka ga abu mai ƙyalli na gudu a gabansu, ga gangare na tura su, suka sa sassarfa a bayansa. Haka ya ratso masararsa a gaban garke kamar shi ne bijimin. Mai gari bai kai ga buɗe almakashi ba gwani ya tsinke ƙyallen da ƙirjinsa, ya wuce tsakanin kujeru, ya shige tafki har sai da laka ta ce ya isa. Jama'a suka ɗau tafi, don sun zaci yana cikin tsarin biki.

Shanu ba su yi gaggawar zuwa ruwa ba. Hanya ce mai kamu huɗu, ba shinge, ga masara dama da hagu a daidai bakinsu. Makiyaya uku suka yi iya yinsu, amma mutum uku ba sa zama shinge. Kafin a tattaro su, Gonar Zamani ta koma allo da 'yan karare.

Bayan azahar aka taru a ƙofar mai gari. Sharhabilu ya iso da laka har bayan kunne, ya tanadi kalmomin da za su girgiza ƙasar: ɓarna, ƙeta, hukuma, kotu. Bai kai ga zama ba Arɗo Surajo ya miƙe, dogon tsoho mai sanda a kafaɗa, ya nemi izini.

"Allah ya ja zamanin mai gari. Shekara biyu muna kuka a kan mashaya. Mun bi gida-gida, kowa ya ce gonarsa ta yi kaɗan. Yau muka wayi gari an fitar mana da hanya, an share ta, an shafa mata ja, ba mu roƙa ba, ba a ma gaya mana ba. Na tambaya wane ne, aka ce mutum ɗaya ne, da hannunsa, ta tsakiyar masararsa. Tun da nake ban taɓa ganin irin wannan ba. Baƙin nan sun ce za su kai labarinsa duk inda saniya ke zuwa. Mi yetti, mun gode. Allah ya yawaita irinsa."

Wuri ya ɗau amin. Ashafa ya ce shi shaida ne, an ma gaya wa Sharhabilu shanu za su bi, ya ce a rubuta. Liman, wanda ya daɗe yana neman abin alheri da zai faɗa a kan mutumin nan, ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a. Mai gari ya ce daga yau sunan hanyar Burtalin Sharhabilu.

Rabe na kallon ɗan ƙanwarsa. Ya ga bakinsa a buɗe, kalmar kotu ta zo har leɓe. Ya ga idanunsa sun bi taron, fuska ɗari duk sun juyo gare shi, a karo na farko babu mai danne dariya. Masara a hannu ɗaya, yabo a ɗaya. Ba a daɗe ana awo ba.

"Jama'a," in ji shi, yana share laka daga gira, "na so a ce abin ya zauna a sirri. Keken dama hikima ce. Da na ce burtali zan fitar, da mahassada sun hana. Wannan ita ce dabarar da ake kira raya karkara, kuma ba kowa ke gane ta a rana ɗaya ba."

Ya yi magana har la'asar. Rabe ya zame ya tafi duba geronsa.

Sauran damina garke bayan garke suka bi Burtalin Sharhabilu, kowanne ya taɓa abin da na gabansa ya rage. Mai burtalin ya kan tsaya a gindin allonsa yana ɗaga wa makiyaya hannu, su ɗaga masa sanda. Da aka ba shi shawarar shinge ya ce sai ya gama nazari. Ran da nazari ya ƙare babu abin da za a kewaye.

Da kaka Rabe ya yanke geronsa cif, ba a taɓa masa zangarniya ɗaya ba. Ya ɗaure, ya cika rumbu, ya ware zakka kamar yadda addini ya ce, dami ɗaya cikin kowane goma, ya zauna yana tunanin waɗanda shekara ta juya wa baya. Ɗaya daga cikin damunan aka sauke a ƙofar gidan Ɗan Faransa.

Ya fito ya zagaya shi sau biyu, ya sa aka bar shi a waje har masu wucewa suka taru. Sa'an nan ya bayyana musu cewa manoman ƙasar ne suka fara kawo masa gaisuwar girmamawa, cewa bai nema ba, kuma ba don kada a ce ya raina talakawa ba da ya mayar. Ya yi alkawarin zai ambaci abin a rahotonsa na shekara.

A wannan safiyar an sauke irin damin a wasu gidaje uku: gidan Nurain makaho, da na wasu zawarawa biyu masu marayu. Su dai sun karɓa sun yi godiya, ba su yi jawabi ba.